Da jika 300, wane dogon gilashi zan saya wa kyamarata don ɗaukar tsuntsaye?

Tambayar ta zo daga wani malamin makaranta a Tawa. Yana da kyamara Canon 2000D da gilashin da ta zo da shi, 18-55. Idan an yi hutu yakan leƙa tabkin Tabalak, ya ga tsuntsaye maƙil, ya ɗauka, ya dawo gida ya tarar duk sun zama ɗigo-ɗigo a cikin hoton. Ya tara jika 300 na sefa. Wani mai shago ya nuna masa Canon 75-300, ya kuma ga wani a intanet da aka rubuta wa 420-800 a kan kuɗi kaɗan. Yana son sanin wanne zai ɗauka.

Malam, sannu da ƙoƙari. Cikin biyun nan kada ka ɗauki ko ɗaya. Da kuɗin da ke hannunka, abin da zan ce ka nema shi ne 100-400 na Sigma ko na Tamron, na hannu, mai bakin Canon EF, wato bakin da ke shiga kyamararka. In bai samu ba, ko farashinsa ya wuce ƙarfinka, ka sayi Canon EF-S 55-250 IS STM ka riƙe sauran kuɗinka. Amma bari in ba ka dalili, don mai shago zai zo maka da nasa bayanin, kuma gara ka shiga wurinsa da lissafinka a kai.

Mu fara da abin da lambar milimita take yi. Farantin da hoto ke sauka a kansa a cikin 2000D faɗinsa milimita 22.3 ne, an raba shi ɗigo 6000 daga gefe zuwa gefe. Ɗauki kurciya, wadda tsawonta daga baki zuwa wutsiya bai wuce santimita 25 ba, tana zaune nesa da kai da mita 20. Da gilashinka na yanzu, ko ka murɗa shi har ƙarshe zuwa 55, kurciyar za ta ci ɗigo kamar 185 ne kawai cikin 6000 ɗin nan. Shi ya sa kake ganin ɗigo. Da 250 za ta ci wajen 840. Da 400, wajen 1,350. Da 600, wajen 2,000. Kowane ƙarin milimita yana ƙara girman tsuntsu daidai gwargwadonsa, ba wani sihiri a ciki.

To yanzu bar gilashin yadda yake, ka matsa. Mai 400 da ya rage tazarar zuwa mita 10, kurciyarsa ta ci ɗigo kusan 2,700, ya wuce mai 600 da ya tsaya a mita 20 nesa ba kusa ba. Mai 300 a mita 10 daidai yake da mai 600 a mita 20. Bambancin kuɗin da ke tsakanin waɗannan gilasan ya kai jikkuna ɗaruruwa, taku goma kuwa kyauta ne. Wannan lissafin shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa maka, kuma a ƙasarmu ya fi nauyi a kan yadda yake a Turai, saboda wani abu da masu ba da shawara daga can ba su cika kawo shi ba.

Abin nan shi ne zafin ƙasa. Da rana ta ɗaga, ƙasa ta ɗauki zafi, iskar da ke bisanta sai ta fara rawa, ita ce kawalwalniyar da kake gani a kan kwalta in kana hanyar Agadas. Ido yana ganinta ne in ta yi ƙarfi, amma dogon gilashi yana kama ta tun tana ƙarama, domin shi aikinsa ƙara girman duk abin da ke tsakaninka da tsuntsu, har da rawar iskar. Ka ɗauki zalɓe da ke nesa da mita 80 da ƙarfe goma sha ɗaya na safe a watan Maris, ko da gilashin miliyan biyar ne, gashinsa zai fito a narke, gefen jikinsa yana lanƙwashe-lanƙwashe. Mutane da dama sun mayar da gilashi mai kyau sun ce lalatacce ne, alhali iska ce. Lokacin hunturu kuma ga ƙura a sama, tana cinye launi, hoto ya fito fari-fari ba armashi, kuma iya nisan tsuntsu iya yawan ƙurar da ke tsakaninku. Saboda haka a nan akwai iyakar da milimita take daina biyan kuɗinta. Daga 400 zuwa sama, ribar da kake samu tana hannun yanayi fiye da hannun gilashi.

Amma ƙasar da ta hana mu wannan ta ba mu wani abu: haske. Abin da ke sa dogon gilashi tsada shi ne faɗin ƙofar da haske ke shiga, lambar nan da ake rubutawa bayan harafin f. Ƙaramar lamba, faffaɗar ƙofa, babban gilashi, kuɗi mai yawa. Mai ɗaukar hoto a dajin Ingila lokacin sanyi, ƙarƙashin gajimare, dole ya nemi f/4, shi ya sa yake biyan miliyoyi. Kai da ke Adar, a rana tsaka mai haske, f/8 da ISO 400, wato lambar ƙarfin jin haske na kyamara, za su ba ka saurin ɗauka na kusan 1/1600 na daƙiƙa, wanda ya isa ya tsayar da balbela tana tashi. Da sassafe ka ɗaga ISO zuwa 800 ka ci gaba da aikinka. Don haka gilashin da ya ƙare a f/6.3, wanda ake rainawa a can, a wurinmu ba shi da aibi. Kada ka biya ko dala don faɗin ƙofa. Abin da za ka biya wa shi ne hoto ya fito tar a ƙarshen zum, gilashi ya kama saiti da sauri, kuma ya kasance da na'urar hana rawar hannu.

Da wannan ma'aunin mu auna biyun da aka nuna maka.

Canon 75-300 ɗin nan, samfuri na III, tun 1999 ake yin sa. Ba shi da na'urar hana rawa ko kaɗan. Daga 75 zuwa 200 ba laifi, amma a 300, inda mai tsuntsu zai zauna kullum, hoton yana laushi, kuma in ka ɗauki tsuntsu a kan reshe sararin sama na bayansa za ka ga wani zare mai ruwan shuni ya bi gefen jikinsa da rassan. Ya cika shaguna ne don ana haɗa shi da kyamarori a sayar tare, masu shi kuma suna saurin rabuwa da shi. Shi kuwa 420-800, da ɗan'uwansa 650-1300, bututu ne da ƴan gilasai a ciki. Ba ya magana da kyamara, ba ya kama saiti da kansa, da hannu za ka yi ta murɗawa, ƙofarsa a ƙarshen zum ta tsuke zuwa wajen f/16, madubin leƙenka ya yi duhu. Farin wata za ka iya ɗauka da shi a kan ƙafa uku. Tsuntsun da ke juya kai sau uku cikin daƙiƙa ɗaya ba zai jira ka ba. Araha ba ta ado.

Canon EF-S 55-250 IS STM, wanda ya fito a 2013, shi ne mafi arhar gilashin da zan iya ba mutum shawara a kansa ba tare da jin kunya ba. Nauyinsa giram 375, jikinsa roba har bakin, amma a 250 ya fi 75-300 a 300 kaifi, har in ka yanke hotonsa ka ƙara girma za ka ga gashin da wancan ya shafe. Yana da hana rawa, yana kama saiti shiru, yana ɗaukar abu tun daga santimita 85. Ka lura da haruffa ukun nan, STM, domin akwai tsofaffin 55-250 guda biyu da ba su kai shi ba. Na hannu ba zai ci rabin kuɗinka ba. Da shi za ka ɗauki shamuwa in ta sauka a itatuwan gari gabanin damina, da balbela a bayan shanu, da hasbiya, da hankaka, da shirwa a kan mahauta, da ba'u a tsakar gida, duk tsuntsayen da suka saba da mutum. Inda zai gaza maka shi ne bakin tabki, wurin da ruwa da laka suka hana ka matsawa. In ka ci karo da Canon 70-300 IS II USM na 2016 ko Tamron SP 70-300 VC na 2010 a farashi mai kyau, su ma ajinsu ɗaya da shi, da ɗan ƙarin tsawo da ƙarin nauyi.

Tunda Tabalak ka ambata, shi ya sa na ce 400. Sigma 100-400 f/5-6.3 DG OS HSM da Tamron 100-400 f/4.5-6.3 Di VC USD duk a 2017 suka fito, duk a kan dalar Amurka 799 aka fara sayar da su, nauyinsu kuma kilo ɗaya da ɗan ɗoriya, Sigma giram 1,160. A kan kyamararka, saboda farantinta ƙarami ne, 400 yana nuna abin da 640 zai nuna a kan manyan kyamarori. Za ka iya rataya shi a wuya tun asuba har hantsi, ka ɗaga shi cikin ƙiftawar ido in dinya ta taso, ba ka bukatar ƙafa uku. Zum ɗin ma yana da amfanin da ba a cika faɗa ba. Sabon hannu yakan wahala wajen gano tsuntsu ta cikin dogon gilashi, yana ganinsa da ido, ya ɗaga kyamara ya ɓace masa. Da zum sai ka koma 100, ka same shi, ka murɗa zuwa 400 yana tsakiya. Tsakanin su biyun ba zan yi dogon musu ba, wanda ka samu mai lafiya shi ne naka. Tamron an sa masa robobin tare danshi a gaɓoɓinsa, abin da ke taimakawa da ƙura, Sigma kuwa a baki kaɗai yake da ita. Abu ɗaya ka kiyaye da Sigma: akwai wani 100-400 nasu da aka rubuta wa DG DN, na 2020, wannan na kyamarori marasa madubi ne irin su Sony, ba zai shiga taka ba.

Kuɗinka, in aka juya shi a kan canjin da ba ya motsi na sefa 655.957 kowane yuro, ya kama yuro 457. Na hannun waɗannan biyun a kasuwar Turai a nan kusa yake yawo, wani lokaci ya ɗan ɗara, ga kuɗin kawowa da na duwan a sama. In ya zama sai ka ƙara haƙurin albashi ɗaya ko biyu, ka yi haƙurin.

Akwai wani tsoho da nake girmamawa, Canon EF 400 f/5.6 L, wanda ya fito tun 1993. Ba zum ba ne, 400 ne tsaye. Nauyinsa giram 1,250, yana kama saiti da saurin da har yau sababbi da yawa ba su kai shi ba, kaifinsa kuma tun a buɗe yake. Ga mu nan yana da wata falala babba: ba ya miƙewa ba ya komawa, duk motsinsa a ciki yake, don haka ba ya zuƙar ƙura. Rauninsa biyu ne. Ba shi da hana rawa, sai ka riƙe saurin ɗauka daga 1/800 zuwa sama, abin da rana ta sauƙaƙa mana amma yakan yi wuya a ƙarƙashin inuwar gawo ko da almuru. Kuma ba ya ɗaukar abin da ya fi mita 3.5 kusa. Yawanci ya fi jika 300, amma in Allah ya haɗa ka da mai shi yana neman kuɗi da gaggawa, kuma tsuntsu a sama shi ne abin da ya fi burge ka, kada ka bari ya wuce.

Za a ce maka me ya sa ba 150-600 ba, tunda shi ne kowa ke magana a kai. Gaskiya ne Tamron ya canza kasuwa da ya fito da nasa a ƙarshen 2013 a kan dala 1,069, Sigma ya biyo da samfurin Contemporary, Tamron ya sake fito da G2 a 2016. Gilasai ne masu kyau, ban hana wanda yake da hali ba. Amma kowannensu ya kusa kilo biyu ko ya ɗan haura, kyamararka kuwa ba ta kai rabin kilo ba, duk nauyin sai ya koma hannun hagu, bayan minti kaɗan hannu ya fara rawa, ka koma neman sanda ko ƙafa uku, wani kuɗin ke nan. Daga 500 zuwa 600 nan ne suka fi rauni, nan ne kuma kawalwalniya ta fi cin su. Kuma sun wuce kuɗinka. Mutumin da ya sayi mai nauyi yakan fara barinsa a gida bayan wata biyu, wanda ya sayi marar nauyi shi ke fita kowace Lahadi, bayan shekara ka duba hotunansu ka ga wanda ya ci riba.

Abu biyu ka kauce musu ko an yi maka rangwame. Na farko tsohon Canon 100-400 L na 1998, wanda ake tura shi gaba a jawo shi baya. Hotonsa ba laifi, amma duk lokacin da aka tura shi yana shaƙar iska yana fesa ta cikin kyamara, a hunturun Tawa kuwa iskar nan rabinta ƙura ce. Na biyu zoben nan da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi don ƙara nisa, 1.4 ko 2. Yana cin haske, 1.4 ya mayar da f/6.3 zuwa f/9, 2000D kuma an yi ta ne ta kama saiti har f/5.6. Gilasan Sigma da Tamron masu f/6.3 suna aiki a kanta lafiya, amma da ka ƙara zobe sai ta yi ta kai da kawo ba ta kama komai.

Ga masu Nikon da za su karanta wannan: takwaran 55-250 a wurinku shi ne AF-P DX 70-300 VR na 2016, giram 415, amma ku tabbata akwai VR, wato hana rawa, a jikinsa don akwai marar shi, kuma ba ya aiki a kan tsofaffi irin D3100, D3200, D5100, D90 da D7000. Jerin D3000 da D5000 kuma ba su da injin saiti a jikinsu, tsohon gilashin da ba AF-S ko AF-P ba da hannu za ku murɗa shi. In hali ya samu, 200-500 f/5.6 na 2015 ya yi, sai dai kilo 2.3 ne. Wanda bai riga ya sayi kyamara ba kuma yana son Canon, sababbin marasa madubi suna da RF 100-400 na 2021, giram 635 kacal, amma bakin RF ba ya shiga 2000D. Wanda kuma burinsa kawai ya shaida irin tsuntsun da ya gani, ba ya buga hoto babba ba, Nikon P950, kyamara mai gilashi haɗe a jikinta da ke nuna abin da 2000 zai nuna a kan manyan kyamarori, za ta yi masa, ko da yake farantinta irin na ƙananan kyamarori ne, da haske ya ragu hoton ya dagule.

Sai maganar saye, wadda a nan ne aka fi yin asara. Irin waɗannan gilasan ba su cika zama a kanta ba ko a Yamai, balle Tawa. Ko dai ka samu wajen masu ɗaukar hoton biki da ƴan jarida da ke canza kaya, ko ka ba ɗan'uwa mai dawowa daga Faransa ko Dubai saƙo, ko ta hannun ƴan kasuwar da ke zuwa Kano. In daga Turai ne, ka sa a saya a shagon da ke sayar da kayan hoto na hannu da garanti, irin su MPB, inda ake rubuta lafiyar kowane gilashi da hotonsa, ya fi a saya hannun mutumin da ba a sani ba. Ka rubuta wa ɗan saƙon cikakken suna harafi da harafi, ka ƙara da "Canon EF", domin Sigma da Tamron suna yin gilashi ɗaya da baki daban-daban, kuma an sha kawo wa mai Canon na Nikon.

In a gabanka yake, kada ka biya sai ka ɗaura shi a kan taka kyamarar da naka katin. Cire murafe biyun, ka haska fitilar salula ta baya, ka leƙa ta gaba. Ƴar ƙura a ciki ba komai ba ce, ba ta fitowa a hoto, kada ta hana ka ciniki, sai dai ka rage kuɗi da ita. Abin gudu shi ne fumfuna, za ka gan ta kamar saƙar gizo ko farin zare mai rassa a jikin gilashin ciki. Bushewar ƙasarmu ba ta haifar da ita, amma kayan da suka zauna a garuruwan bakin teku irin Kwatano, Lome, Legas ko Abijan suna zuwa da ita, kuma tana cin fatar gilashin, gyaranta ba ya biyan kuɗinsa. Hazo a ciki shi ma ka bar shi. Bayan haka ka liƙa jarida a bango, ka ja baya mita 10 ko 15, ka murɗa zum har ƙarshe, ka ɗauka a buɗe, ka sake a f/8, da sauri 1/1000. Ƙara girman hoton ka karanta rubutun tsakiya, sannan ka duba kusurwoyi huɗu. In gefe ɗaya ya fito tar ɗayan ya yi dishi-dishi, gilashin ya taɓa faɗuwa, wani abu ya goce a ciki. Ka sa shi ya kama abu na kusa, ya koma na nesa, sau goma a jere, kana sauraro, ƙara ko tsayawa a hanya alamar injin ya gaji ne. Kunna hana rawa ka danna maɓalli rabi, ya kamata ka ga hoton ya tsaya cak a madubin leƙe, ba ya zabura ba. Duba sukurorin baki, in kawunansu sun ci, an taɓa buɗe shi. Wannan gwajin ka yi shi da safe ko a inuwa mai tsawo, kada kawalwalniya ta sa ka zargi gilashi mai lafiya.

In ya shigo hannunka, ƙura da babur su ne abokan gabarsa. Ka ɗaura shi a ɗaki kafin ka fita, kada ka canza gilashi a fili iska na kaɗawa. Hularsa kullum tana kai, ita ce ke tare hasken gefe da karo. Ka sayi ɗan famfon roba na hura iska da buroshi mai laushi, ka hure kafin ka goge, domin ƙurarmu yashi ce, in ka murza ta da bakin riga ka karce gilashin. Kafin ka mayar da zum ciki, ka share bututun da ya fito da tsumma, in ba haka ba kai da kanka kake tura ƙurar ciki. Gilashin kariya mai arha da ake ɗaurawa a gaba yana rage kaifi sosai a 400, ko ka sayi na kirki mai faɗin milimita 67, ko ka bar hula ta yi aikin. A kan babur ka goya jakar a bayanka, kada ka ɗaure ta a kariya, girgizar hanya tana kwance na'urar hana rawa. Kada kuma ka bar shi cikin rufaffiyar mota da rana, zafi yana narkar da man da ke ciki ya hau kan gilasai.

Ita 2000D tana da iyakarta, gara ka san ta. Wuraren kama saitinta tara ne, na tsakiya ne kaɗai mai ƙarfi, kuma hoto uku take ɗauka a daƙiƙa. Ka zaɓi na tsakiyan shi kaɗai, ka ɗora shi a kan idon tsuntsu. In ka bar mata zaɓi za ta kama ciyawar da ke gaba. Tsuntsu a zaune, kada ka sauka ƙasa da 1/640 a 400 sai in ka jingina. Mai tashi, ka koma AI Servo, saitin da ke bin abu mai motsi, da 1/1600 ko fiye. Balbela da sauran farare a rana suna ƙonewa su zama farin fili ba gashi, ka rage haske da mataki ɗaya. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, musamman da hunturu, domin launin da ƙura ta danne ana iya dawo da mafi yawansa a kwamfuta. Madadin ƙafa uku, ka ɗinka ɗan buhu ka zuba tiya ɗaya ta gero ko wake, ka aza shi a kan tagar mota, ko katangar garka, ko ƙasa, ka kwantar da gilashin a kai.

Tabalak kuwa ka zaɓi wuri. Tun 2005 aka sa tabkin cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, shekara ɗaya da tabkin Dan Dutsi da ke jiharku. Daga Oktoba zuwa Maris baƙin tsuntsaye daga Turai suke sauka, agwagi da masu dogayen ƙafafu na bakin ruwa, su haɗu da na gida irin kirinjijiya da dinya da zalɓe da jinjimi. Lokacinka daga fitowar rana ne zuwa wajen ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar sakaliya in ƙasa ta huce. Ka sa rana a bayanka. Kada ka bi tsuntsu, bin sa ne ke korarsa. Ka lura da inda suke kiwo yau, gobe ka riga su zuwa, ka zauna ƙasa da tufafi masu ruwan ƙasa, ba farar riga ba, ka yi shiru na rabin awa, za ka ga sun dawo har inda 400 ya yi maka yawa. Zaman ƙasan yana da wata riba, hoton da aka ɗauka daidai da idon tsuntsu ya fi wanda aka ɗauka daga tsaye kyau nesa. Tsuntsayen wurin sun saba da masunta da masu garka, ba sa tashi don su, saboda haka ka zauna kusa da mai ban ruwan albasa, ko ka yi magana da masunci ya ɗauke ka a jirginsa, ka zauna ƙasa-ƙasa, ka sa kyamarar cikin leda har ku tsaya. Gida mai ƙwai ko ƴan tsaki ka ba shi tazara, in uwa ta tashi ta bar su a ranarmu, mintoci kaɗan sun isa su halaka.

Dogon gilashi yana jan ido, a wannan zamanin kuma ba kowa zai yarda tsuntsu kake ɗauka ba. Kafin ka fara, ka gaida maigari ko wakilinsa ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nuna wa mutane hotunan a bayan kyamara, ka riƙe katin shaidarka da na aiki a aljihu. Ka tambayi halin da hanya take ciki kafin ka kama ta. Kada ka ɗaga shi kusa da shingen jami'an tsaro, ko bariki, ko filin jirgi, ko ayarin soja, in kuma ka zo Yamai kana son gwada shi a bakin kogi, ka yi nesa da gadoji da gine-ginen gwamnati, ka nufi wajen gonakin shinkafa na Saga ko Kirkisoye, da izinin masu gonar. Mata masu wanki ko ɗiban ruwa a bakin tabki, ka juya gilashin daga wajensu tun kafin a yi maka magana.

Cikin jika 300 ɗin ka ware kamar 20 tun yanzu, kada su shiga ciniki: batir na biyu samfurin LP-E10, kati mai sauri, famfon hura ƙura, da jaka mai soso wadda gilashin zai shiga yana ɗaure a kan kyamara.